Ali Eisami na Gazir, Bawan da Aka Sayar a Birnin Yauri

Duk lokacin da zangon karatu ya kusa ƙarewa, malaman makarantunmu sukan shiga neman labarin da yara za su yi wasan kwaikwayo da shi a gaban iyaye. In darasin ya shafi bauta, galibi akan ɗauko labarin Yusufu da 'yan'uwansa suka sayar wa fatake, ko kuwa na bayin gonakin auduga a Amurka. Dukansu labarai ne masu amfani, amma ɗaya ya yi nisa a zamani, ɗayan kuma ya yi nisa a ƙasa, har yaro yakan tashi da zaton cinikin mutane abu ne da ya sami waɗansu can a wata duniya. Alhali kuwa akwai mutumin da aka kawo Birnin Yauri cikin ayarin bayi wajen shekara ta 1813, aka yi cinikinsa, aka haye Kwara da shi, ya rayu har ya tsufa, ya kuma ba da labarin kansa da bakinsa aka rubuta. Sunansa Ali Eisami. Masana tarihin Afirka ta Yamma sun san shi ƙwarai, mu ne da ya ratsa ƙasarmu ba mu cika jin sunansa ba.

Yaron Gazir

An haifi Ali wajen shekara ta 1787 a wani gari mai suna Magriari Tapsuwa, cikin lardin Gazir na ƙasar Barno, wato lardin da babban birnin daular, Birnin Gazargamu, yake ciki. Mahaifinsa, Mamade Atshi, malami ne tun kafin ya yi aure. Sunan mahaifiyarsa Eisa, kuma daga gare ta ya sami laƙabinsa, gama a harshen Barebari Eisami na nufin ɗan Eisa. Su biyar aka haifa a ɗakinsu, shi ne na uku. Wansa da autarsu suka rasu tun yana yaro, ya zama shi kaɗai ne namiji tsakanin 'ya da ƙanwa.

Yana da shekara bakwai aka sa shi makarantar allo. Da ya kai tara aka yi masa kaciya, ya koma karatu na shekara biyu, sa'an nan ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Abin sha'awa ne yadda ya riƙe lissafin shekarunsa, domin ba da kalanda ya riƙe shi ba, da abubuwan da suka auku ne, kamar yadda tsofaffinmu suke yi har yau. Yana ɗan shekara goma sha uku aka yi husufin rana, ranar Asabar, cikin hunturu. Shekara ta zagayo, ana tsakiyar noma, sai fara ta taso daga yamma kamar hadari, rana ta koma dare. Bayan fara aka yi yunwa ta wata uku, bayan yunwa annoba ta shigo ta kwashe dattawan ƙasar. Irin waɗannan alamomi ne suka taimaki masana daga baya suka daidaita labarinsa da shekarun Miladiyya.

Yana da shekara goma sha tara yaƙi ya iso. Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a Gobir a 1804 ya bazu zuwa gabas, Fulanin yammacin Barno suka tashi a kan Mai Ahmad. Mahaifin Ali ya riga ya ƙudura zai yi masa aure in ya cika ashirin, amma ƙasa ta rikice, maganar aure ta sha ruwa. Bayan girbi suka bar garinsu suka fake kusa da babban birni, suna zaton ganuwarsa za ta tsare su. A 1808 Gazargamu ta faɗi, birnin da ya yi fiye da shekara ɗari uku yana mulkin ƙasar. Sarki ya fita da jama'arsa. An ƙwato birnin da taimakon malamin nan Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Barebari suke kira Shehu Laminu, amma ba a jima ba ya sāke faɗuwa, daga bisani aka bar shi kufai. Cikin waɗannan shekaru na gudun hijira Ali ya binne uwa da uba.

Daga Ngololo zuwa Yauri

Ba a fagen fama aka kama shi ba. Yana kan hanya ne shi da abokinsa, sai mutum bakwai suka yi musu kwanto, suka ɗaure musu hannuwa ta baya, suka kora su zuwa wani gari da ake kira Ngololo suka sayar. Ali ya ce Fulani ne suka kama su, Hausawa suka saya. Aka shigar da su wani gida aka sa musu mari. Bayan kwana biyar ayari ya tashi.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Bisa ga shari'ar da masu kamun da masu sayen duka suke bi, Ali ba mutumin da ya halatta a bautar ba ne, gama ɗa ne, Musulmi, ɗan malami. Tun a 1615 babban malamin Tumbutu, Ahmad Baba, ya rubuta cewa mutanen Barno da Kano da Katsina Musulmi ne, ba a mallakarsu. Shehu Usmanu kansa ya yi kuka da sayar da 'ya'ya Musulmi, kuma halaccin yaƙar Barno shi ne abin da al-Kanemi da Muhammadu Bello suka yi ta musayar wasiƙu a kansa. Duk wannan bai kwance igiyar hannun Ali ba. Idan ƙasa ta rikice, wanda ya tare hanya ba ya tambayar asali, kasuwa kuwa ba ta tambayar yadda aka samo kaya.

Kwana ashirin da biyu suka yi kafin su shiga ƙasar Hausa. Suka sauka a wani gari mai yawan dabino da ya kira Sangaya, suka yi watan azumi da na Ƙaramar Salla a can. Daga nan tafiyar mako guda ta kai su Birnin Katsina, inda ya ga an yanka ragunan layya. Kwana biyar bayan haka suka ɗaura kaya suka nufi Yauri, suka yi mako biyu a hanya, tafiyar da mota take ci yau a yini ɗaya.

Me ya sa Yauri? Domin a nan babbar hanyar fatake take haɗuwa da kogi. Ayarin da suka taso daga Kano da Katsina suka nufi Gwanja neman goro sukan zo da kanwa, da tufafin rini, da jar fata, da dawaki, da bayi, su haye Kwara a wannan yanki, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu. Birnin Yauri, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Ngaski a yau, shi ne mazaunin sarki a lokacin, da ganuwarsa mai faɗi. Yelwa ba ta zama gidan sarauta ba sai a 1888. Sarkin zamanin shi ne Albishir ɗan A'i, wanda ya yi amana da shugabannin jihadi ya riƙe gadonsa yana kai gaisuwa Gwandu. Shi ne kuma yake kan gado a 1806 da Baturen nan Mungo Park ya wuce cikin jirginsa, kafin ya hallaka a duwatsun ruwan Busa. Gari irin wannan yana cin moriyar ayari ta kowace fuska: mai masauki yana samu, dillali yana samu, mai sayar da abinci yana samu, masu fito suna samu, fada kuma tana karɓar nata. Cikin kayan da ake samun wannan riba a kansu har da mutane.

A Birnin Yauri Hausawan da suka zo da Ali suka sayar da shi ga Bargawa. Abin da ya faɗa game da garin ke nan, a taƙaice. Bai ambaci kasuwa ba, bai ambaci kuɗin da aka biya ba, bai sāke ambaton abokin da aka kama su tare ba. A ganina wannan taƙaitawar ta fi dogon bayani nauyi. Wanda ake sayarwa ba ya kallon gari, kuma ba shi ake gaya wa farashi ba.

'Yan'uwa malamai, wanda duk zai sa yara su kwaikwayi wannan labari, a nan ne zai fi bukatar hankali. Abu mafi sauƙi shi ne a samo igiya a ɗaure ƙananan yara, a tsayar da su a gaban jama'a, wani mai bakin barkwanci ya zama dillali yana duba haƙoransu, 'yan kallo su yi ta dariya. Za a yi tafi, amma yaron da aka ɗaura wa igiya zai koma aji da sabon suna, kuma sunan zai bi shi har ya gama makaranta. A ƙasarmu kalmar bawa ba ta mutu ba, ana zagi da ita, ana hana aure da ita. Bayan zamanin Ali, Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim na Kwantagora sun yi shekaru suna kai hari ƙauyukan Kambari da maƙwabtansu, har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kwantagora. Dokar da ta ce duk ɗan da aka haifa ɗa ne ta fara aiki a 1901, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Ke nan a aji ɗaya za a iya samun jikan wanda aka kama da jikan wanda ya kama, kuma wataƙila iyayensu sun sani ko da yaran ba su sani ba. Saboda haka kada a raba matsayi bisa ga ƙabila, a ce Bafulatani ya fito a mai kamu, Bakambare ya fito a bawa. A jefa ƙuri'a, kuma wanda ya fito a bawa a fage na farko ya fito a mai saye a fage na biyu. Labarin kansa ya ba da wannan dama, gama Ali ya bi ta hannun Fulani, da Hausawa, da Bargawa, da Yarbawa, da Turawa, ba wanda ya fita da hannu mai tsabta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, kuma sai a 2023 aka sako 'yan matan da suka rage a hannunsu. Yaran Yauri da Ngaski da Shanga ba sa bukatar a koya musu yadda ake tare hanya a ɗaure mutum. Waɗansunsu an yi wa 'yan gidansu, an kuma yi cinikin kuɗin fansa a kunnensu. Malamin da ya san ajinsa zai bar fagen kamun a bakin mai ba da labari, ba tare da an nuna shi ba, zai kuma yi shawara da iyaye tun kafin a fara gwaji. Yaro ya haɗa hannuwansa ta baya ya sunkuyar da kai ya isa, ba sai an kawo sarƙa ba.

Katunga da teku

Mutumin Bargu da ya saye shi bai yarda da shi ko kaɗan ba, dare da rana mari yana ƙafarsa. Bayan kwana bakwai ya kai shi wani gari da Ali ya kira Sai, a can wani Bayarabe ya saye shi. Wannan ɗan sarkin Oyo ne, tsohuwar Oyo da Hausawa suke kira Katunga. Da ya ga tsagar fuskar Ali sai ya tambaye shi ko shi ɗan sarki ne a ƙasarsu. Ga dama ta samu ta ɗaukaka kai, ba kuwa mai ƙaryata shi. Ali ya ƙi. Ya amsa cewa ko da yake zamani ya lalace har ya faɗa bauta, ba zai yi ƙarya ba, mahaifinsa malami ne. Amsar ta gamshi ubangidan, ya ƙudura ba zai wulaƙanta shi ba, ya ajiye shi a cikin gida. Shekara huɗu ya yi a can har ya ji Yarbanci.

A wancan zamani Oyo cike take da bayi 'yan arewa, su ne masu kiwon dawaki da shanu, su ne wanzamai, su ne masu tufkar igiya. A 1817 Afonja, babban jarumin Oyo da yake zaune a Ilori, wanda ya riga ya yi wa sarkinsa tawaye, ya haɗa kai da Malam Alimi, aka yi shela cewa duk bawan da ya zo ya shiga yaƙi ya zama ɗa. Bayi suka yi ta gudu zuwa can. Wani abokin ubangidan Ali ya ba shi shawara ya sayar da wannan bawa tun da wuri, domin idonsa a buɗe yake, in ya gudu wurin da aka zuba a kansa ya tafi a banza. Mutumin da ya yi alkawarin ba zai wulaƙanta shi ba, shi ne ya kama shi ya ɗaure, ya sa 'ya'yansa uku suka kai shi Ajashe a bakin teku, wato Porto-Novo, babban birnin Jamhuriyar Benin a yau. Kirkin ubangida iyakarsa ke nan, yana nan muddin dukiya ba ta cikin haɗari.

Turawa suka saye shi suka sa masa ƙarfe a wuya. Da suka gama sayen mutane, aka riƙa ɗibarsu cikin ƙaramin kwalekwale zuwa babban jirgi. A cikin jirgi aka tuɓe musu 'yan tsummokaran da suka rage a jikinsu aka zubar a ruwa, aka haɗa su biyu biyu da sarƙa. Ali ya ce su ɗari bakwai ne, manya da yara. Iska ta ƙi kaɗawa, ruwan sha ya ƙare, ƙishirwa ta yi ta kashe manya, kowace safiya sai an kwashi gawawwaki an jefa a teku. Wata uku suna cikin wannan hali suna roƙon Allah dare da rana. Yawancin jiragen da suke tashi daga wannan gaɓa a lokacin Burazil ko Kyuba suke nufa. A Bahiya ta Burazil bayi Hausawa sun riga sun yi yunƙurin tawaye a 1807 da 1809 da 1814, kuma da tafiyar ta yi daidai yadda masu jirgin suka so, mai yiwuwa a gonar rake ta irin waɗannan wurare Ali zai ƙare.

Wata safiya iska ta taso, aka buɗe ƙofofi aka fito da su sarari. Ali ya hangi wani abu can nesa a kan ruwa kamar itatuwa, ya zaci kurmi ne. Ya nuna wa wani bawa da yake jin harshen Turawan yana kuma jin Hausa. Da Hausa Babarbaren nan ya yi magana a tsakiyar teku, da ita kuma aka fassara masa abin da ake ciki. Tafintan ya ruga ya kira wani Bature da yakan ba Ali rigunansa ya ɗinke masa ya sāka masa da abinci. Baturen ya zo riƙe da gasasshiyar kaza, ya ɗora idonsa bisa yatsan Ali, ya ga abin da ake nuna masa, ya yar da kazar ya sheƙa wurin shugaban jirgi. Ali bai tsaya tambaya ba, ya ɗauke kazar ya jefa a jaka. Bayan shekara talatin da wani abu, yana tsoho, bai manta da kazar nan ba. Wanda ya taɓa jin yunwa ta gaske zai gane dalili, kuma in yara suka yi dariya a wannan fage, dariya ce da mai labarin da kansa ya ba da izininta.

Abin da ya hanga jirgin yaƙin Ingila ne. Ingila, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu wannan ciniki, ta haramta shi ga mutanenta a 1807, ta kuma sa jiragen yaƙi suna sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Da tafinta ya gaya wa bayin cewa yaƙi ne yake zuwa, ba su gaskata ba, gama ba su taɓa jin an yi yaƙi a tsakiyar ruwa ba. Masu jirgin bayi suka harba igwa sau tara. Jirgin yaƙi ya harba sau ɗaya, ya karya babban itacen tsakiya da yake riƙe da filafilan jirgin, ya faɗa ruwa. Turawan jirgin suka gudu ƙasa suka ɓuya. Sojoji suka hau da takuba, suka kama su, suka jera bayin suka ƙirga, suka cire musu mari suka zubar a teku, suka ba su sutura, suka buɗe gangunan ruwa. Da yamma aka kawo musu ganguna na kiɗa, suka yi ta wasa har gari ya waye.

Akwai wani ɗan abu da ya biyo baya wanda bai kamata a tsallake ba. Wani daga cikin Turawan da suka cece su ya tsaya a gaban Ali, ya dube shi, ya mare shi a kumatu biyu, ya ja shi zuwa madafa ya sa shi dafa wa 'yan'uwansa abinci. Haka ya yi ta dafuwa da rabon ruwa har suka isa gaɓa. Ali ya ba da labarin marin da na cire marin ƙafa a jere, bai ɓoye ko ɗaya ba.

Saliyo

A watan Afrilu na 1818 aka sauke su a Firitawun, ƙasar Saliyo. Suka yi mako guda a farfajiyar gwamnati da ake tara waɗanda aka ƙwato daga jiragen bayi, wadda ƙofarta take tsaye har yanzu a birnin. Daga nan aka rarraba su ƙauyukan da Gwamna Charles MacCarthy yake kafawa a kan duwatsun bayan gari, kowane ƙauye a hannun wani ɗan mishan ko malamin makaranta. Rabon Ali ya faɗa Bathurst, wadda a lokacin kurmi ce kawai. A wannan ƙauye ne kuma, bayan shekara huɗu, aka kawo wani yaro Bayarabe mai suna Ajayi, wanda ya zama Bishop Samuel Ajayi Crowther a 1864.

Wanda suka tarar a Bathurst wani mai wa'azi ne, Mista Decker, da matarsa. Washegari da suka taru a gidansa, sai ya kama hannun Ali ya ja shi ciki. Jama'a a waje suka fara cewa an shigar da shi ne a yanka, domin an daɗe ana faɗa a cikin ƙasa cewa Turawa cin mutane suke yi, in ba haka ba me suke yi da wannan ɗimbin jama'a da ba mai komowa? Ali yana jin maganarsu daga ciki. Da Baturen ya hau bene, sai ya shirya a ransa cewa in ya ga wuƙa a hannunsa zai riƙe ta. Mutumin ya sauko da riga da wando da kwat da hula, ya sa masa, ya fito da shi, ya sa tafinta ya sanar cewa wannan shi ne shugaban mutanensa. A ranar kuma aka ɗaura masa aure da matar da ta biyo shi zuwa ƙauyen. Auren da mahaifinsa ya so yi masa yana ɗan ashirin, sai da ya haura talatin ya same shi, a wata ƙasa, ba dangi ko ɗaya a wurin.

Ba a daɗe ba matar Decker ta kamu da ciwo. Su Ali suka ɗauke ta zuwa ƙauyen Hogbrook, wanda ake kira Regent, a can ta rasu. Mijin ya kasa zama, suka kai masa kayansa Firitawun, ya yi musu sallama. Daga baya aka yi wa Ali baftisma, ya karɓi suna William Harding.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya ɓace kamar na sauran, gama waɗanda aka sauke a Saliyo ta wannan hanya cikin shekara sittin sun kusa 100,000. Amma a 1847 wani saurayi Bajamushe, Sigismund Koelle, ya zo koyarwa a Kwalejin Fourah Bay ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta CMS, aka kuma ɗora masa nazarin harsunan Afirka. Ya nemi wanda zai koya masa harshen Barebari, aka haɗa shi da Ali, wanda a lokacin ya kai shekara sittin, ya kuma yi fiye da shekara talatin rabonsa da Barno. Shekaru suka yi suna zama tare. Tsohon yana faɗa, saurayin yana rubutawa kalma bayan kalma, sa'an nan su koma su fassara da ɗan Turancin da Ali yake ji. Koelle ya yaba ƙarfin tunawarsa da gaskiyarsa. Abin da ya fito daga bakinsa ba labarin kansa kaɗai ba ne: akwai karin magana, da tatsuniyoyi, da labarin sarakunan Barno da na Shehu Laminu, da bayanin macizai da fara iri iri. Duk abin da yaron Gazir ya ji a zauren mahaifinsa, ya haye Kwara da shi, ya haye teku da shi, ba wanda ya iya tuɓe masa shi ya jefa a ruwa.

Wannan zama na mutum biyu, a ganina, shi ne ya fi dacewa ya zama ginshiƙin wasan yara. A ajiye tabarma da kujera a gefen fage, tsoho yana ba da labari, baƙo yana rubutu yana tuntuɓe da kalmomi, sauran fagage suna tasowa daga bakin tsohon. Ta haka Ali ne yake riƙe da labarin tun daga farko har ƙarshe, 'yan kallo kuma sun san ya tsira tun kafin su ga an kama shi. 'Yan aji za su iya zana taswirar tafiyar a allo, daga Gazir zuwa Katsina, zuwa Yauri, zuwa Katunga da Ajashe da Firitawun, su lissafta kwanakin da ya ambata, su kuma tambayi kakanninsu ta ina ayari yake hayewa kafin madatsar ruwan Kainji, wadda aka gama a 1968, ta shanye tsohuwar Busa da gungu da yawa na Gungawa.

A 1854 aka buga littattafai uku na Koelle a Landan. Biyu daga cikinsu, wato nahawun harshen Barebari da kuma tarin labarai mai suna African Native Literature, a kan abin da Ali ya faɗa aka gina su, kuma cikin na biyun ne tarihin rayuwarsa yake, da Barbarci da fassarar Turanci. Na ukun, Polyglotta Africana, ya jera kalmomi kusan 300 cikin harsuna fiye da 100, waɗanda Koelle ya tattara daga bakin 'yantattun bayi a Firitawun. A cikinsa akwai Hausar Kano da ta Katsina, akwai harshen Kamuku, akwai kuma na Kambari, wanda yake nuna cewa daga wannan yanki namu ma an kai mutane har can. A 1967 aka sāke buga labarin Ali cikin littafin Africa Remembered da Philip Curtin ya shirya, tare da sharhin H. F. C. Smith, wanda aka fi sani da Abdullahi Smith, da Murray Last, da Gambo Gubio. A can ma da sunan da aka raɗa masa a Gazir aka buga shi, tare da na mahaifiyarsa.